Jar Shinkafar Baba da Hoton Sama

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kiran sunana ba, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Uwata yake ce mini tun ina rarrafe, kuma da wannan sunan yake yi mini faɗa, shi ya sa faɗan ba ya kama jiki. Ta yaya mutum zai ce "Uwata, ba ki jin magana" a ji tsoronsa? Na gano wannan da wuri, na kuma ci moriyarsa iyakar ci. Yayyena maza biyu har yau suna yi mini gorin bulalar da suka sha a kan laifin da ni na yi.

Gidanmu a unguwar Gidan Igwai yake, cikin Sakkwato, gonar Baba kuwa a fadama, in ka fita gari ka gangara wajen gulbi. Yana noma abin da kowa ke nomawa, farar shinkafa da damina, albasa da rani. Amma akwai wani yanki can ƙasa, inda ruwa ya fi zama, wanda ba ya sa masa komai sai jar shinkafa. Iri ne da ya gada wurin mahaifiyarsa. Ba ta cika buhu kamar ta zamani, sussukarta da wuya, 'yan kasuwa ma ba sa waiwayarta. Halinta ɗaya ne ya sa mutanen da suka riƙe ta: in ta yi ƙwari, ruwa na hawa tana hawa, muddin ya zo mata a hankali. Wata shekara har a kwalekwale ake yankanta. Maƙwabtan gona sun yi ta barinta ɗaya bayan ɗaya, har ya zama a duk wannan gefen Baba kaɗai ya rage da ita.

Irin yana zaune a wani baƙin tulu ƙarƙashin gadonsa, tiya huɗu, an gauraya da toka an liƙe bakin da laka. Kowace damina sai an shuka shi an sabunta, don in ya tsallake shekara bai ga ƙasa ba, a tulun zai mutu. Ina ƙarama na taɓa tambayarsa me ya sa yake wahala a kan shinkafar da ba mai saye. Ya ce uwarsa ba ta bar masa gida ba, ba ta bar masa saniya ba, wannan ta bari.

Ni kuwa boko ya kai ni wani wuri daban. Na karanta labarin ƙasa, na samu aiki a wani ofis da ke sa ido kan ambaliya da halin gonaki. Aikina kallon hotunan da tauraron ɗan'adam ke aiko mana. Ba hoto ba ne irin na kyamara. Da damina, lokacin da aka fi bukatar gani, hadari yakan rufe sama, kyamara ba ta ɗauko komai sai gajimare. Namu tauraron shi yake jefo nasa saƙon, irin na rediyo amma gajere ƙwarai, wanda ake kira maikirowef. Saƙon ya ratsa gajimare, ya bugi ƙasa, ya koma masa. In ya faɗa kan ruwa kwance, sai ya zame ya wuce bai koma ba, wurin ya fito baƙi ƙirin a hoto. In jiƙaƙƙiyar ƙasa ce, ya koma da ƙarfi, wurin ya yi haske, busasshiya kuma ta fito dishi-dishi. Da haka muke gane inda ruwa ya malala da inda ƙasa ta sha.

Ranar da na yi wa Baba wannan bayani, ya saurara har na kai aya. Sannan ya tambaye ni ko ba sunan akwatin nan da nake ɗumama tuwo a kicin ɗina na ambata ba. Na ce dangi ne.

"To, madalla," in ji shi. "Ashe tukunyar ɗumame ta kunka rataye ga sama, kuna zaune kuna kallonta."

Tun daga ranar aikina ya koma ɗumame. In na je gaishe shi, bayan ya tambayi maigida da yara, sai ya ce, "Uwata, ya ɗumame?" Nakan yi dariya, amma abin yana ci mini rai, don ni ba ni da haƙurin zolaya in a kaina take. Abin da nake so bai fi ya tambaye ni sau ɗaya da gaske ba, ya ce me na gani a gonarsa.

Shekarar da zan ba da labarinta, yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Likita ya ce za a yi aikin ɗaya gab da damina, a bar wata biyu, sannan a yi ɗayan, kuma a tsakani babu shiga ƙura, babu sunkuyo, babu zaman rana. Innarmu ta riga ta rasu, yayyena suna garuruwa masu nisa, don haka ba inda zai yi jinya sai gidana a unguwar Arkilla. Nan aka yi daga. Ya ce shi da girmansa ba zai je ya tare a gidan suruki ba, gara ya makance. Sai da maigidana ya gyara masa ɗakin da ke bakin get, mai ƙofarsa daban, sannan ya yarda. Shi kuma bawan Allah ya koma shiga gidansa kamar ɓarawo, yana kashe mota tun daga waje don kada ya dami surukinsa.

Gona da tulu aka bar wa Baffa, ƙanen Baba. Baffa dogon mutum ne, baki ba linzami, yana ƙaunata iyakar ƙauna, amma a wurinsa mace mai kwamfuta da yarinya mai 'yartsana duk ɗaya ne. Kwamfutar tawa ma talabijin ɗin cinya yake ce mata. Duk bayan kwana biyu yakan hau kabu-kabu ya zo bayan la'asar, ya zauna a bakin tabarma ya ba yayansa labarin fadama.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Talata da yamma. Baba yana kan buzu yana lazimi, auduga a idonsa na dama. Ƙamshin ƙasa ya cika gida, yarana suka fita tsakar gida suna tsalle. Washegari sai aka yi dace tauraron ya ratsa ta kanmu, don ba kullum yake bi ba, sai bayan 'yan kwanaki. Na buɗe hoton a ofis, na nemo fadamar Baba, na gan ta ta yi haske fes. Ban jira tashi ba, na rungumo kwamfutata na tari keke sai gida.

Na tarar da Baffa ya riga ni. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na ce ƙasa ta sha, a watsa jar shinkafa gobe, kada a bar danshi ya wuce.

Baffa ya dube ni ya yi dariya. "Sai na haƙa, ɗiyata. In danshin bisa bai gamu da na ƙasa ba, ba a watsa iri. Haka munka iske."

Na san abin da yake nufi, don na sha ganin Baba yana yi. Bayan ruwan farko manomi yakan sa fartanya ya tona, ya zura hannu har gwiwar hannu. In ya ji sanyi tun daga sama har ƙasa, shuka ta yi. In kuwa ya ci karo da busasshiyar ƙasa a tsakani, sai ya mai da ƙasarsa ya koma gida ya jira. Amma ranar nan kaina ya yi zafi. Na ce wa Baffa zamanin tonon ƙasa da farce ya wuce, abin da yake lalube da hannu ɗaya a rami ɗaya, ni na gan shi a fadama gaba ɗaya.

"Ji min ɗiyar ga," in ji Baffa, yana kallon yayansa. "Talabijin ɗin cinya ka gaya muna ranar shuka yanzu?"

Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Na fara jin kunya, ina tsaye da kwamfuta a hannu. Can ya ɗago.

"Uwata ta ce ƙasa ta sha. Ka watsa."

Baffa ya buɗe baki.

"Nic ce ka watsa."

Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba, ko ranar da aka ba ni takardar digiri. Na wuce kicin ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa, na dafa wa Baffa shayi mai kauri don in nuna masa ban riƙe shi ba.

Akwai abin da na sani sarai, aka koya mana a aji, na rubuta shi a jarrabawa na ci. Saƙon tauraron nan ba ya nutsawa cikin ƙasa fiye da faɗin yatsu uku. Fatar ƙasa yake gani, bai san abin da ke cikinta ba. Hasken da na gani na yayyafin da ya jiƙa sama ne kawai. Na sani, amma son a ce na iya ya rufe mini ido fiye da yanar Baba.

Aka watsa iri. Ya tsiro kore shar, sannan sama ta ɗauke kusan mako uku, ko ɗigo. A ofis ina kallon fadamar tana dusashewa hoto bayan hoto, ina rufe kwamfuta kamar hakan zai hana. Wata yamma Baffa ya shigo, ya gaisa, ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da tsiron shinkafa, ya bushe ya zama kamar zaren buhu. Ya ajiye a kan tabarma gaban Baba, ya koma gefe ya zauna. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Baba ya laluba ya ɗauka, ya murza, ya shinshina.

Na shige kicin na rufe ƙofa na yi kuka mai isata. A lissafina na gama da irin kakata, abin da ya tsallake fari da fara da ambaliya tun kafin a haifi Baba, ni na kashe shi da baki a yini ɗaya. Ina cikin haka na ji yana ƙwala mini kira. Na fito ina share fuska, na durƙusa a bakin ƙofarsa na ce ya yafe mini.

"Kukan mi kika yi? Wa yag gaya maki an kihe tulu?"

Ashe a gidanmu ba a taɓa juye tulun iri a shuka ɗaya. Rabi ake watsawa, a bar rabi don ko ta ɓaci. In shukar farko ta kama, ragowar ita ce ake yi mana tuwo da ita ranar da sabon iri ya shiga tulu. Na ci wannan tuwon shekara da shekaru ban taɓa tambayar daga ina yake ba. Saura tiya biyu ke nan, kuma daga su babu wasu.

Da ruwa ya dawo sosai, Baffa ya tona har gwiwar hannu a wuri uku, sannan ya watsa ragowar. An makara da wata guda cur. Ni kuwa na kama bakina. Na daina zuwa da kwamfuta gida, in Baba ya ce ya ɗumame, in ce lafiya lau, in kawo wata hira.

Cikin watan Agusta aka yi masa aikin ido na biyu. A makon ne na buɗe sabon hoto na ga abin da ban so gani ba. Can sama da mu, ta gabas, gulbin da yake siriri kamar zare a hoton makon jiya ya kumbura, baƙi ya bazu hagu da dama. A Sakkwato kuwa rana ake yi tarwai, gulbi na kwance abinsa. Na yi abin da aiki ya ce, na rubuta rahoto na miƙa wa na gaba da ni don a sanar da jama'a. Amma na kasa kai maganar gida.

Jar shinkafa tana tsere da ruwa ne in ta girma. A shekarun da aka saba, ambaliya takan same ta ta yi ƙwari. Wannan kuwa, saboda makarar da na jawo, ko gwiwa ba ta kai ba. In ruwa ya zo da gudu zai shanye ta. Mafita ɗaya ce, a tuge ta a dasa a gefen tudu. To amma in na faɗa aka tuge, ruwa bai zo ba, na sa an wahalar da irin ƙarshe a banza, wataƙila ma ya ƙi kamawa. In na yi shiru ruwa ya zo, shi ke nan. Kuma da wane baki zan sake cewa na gani?

Na kwana da abin. Da safe na kai wa Baba kunu, na ajiye zan juya.

"Uwata, tun jiya kina aje kwano kamar mai tsoron tada jinjiri. Mi kig gani ga ɗumamenki?"

Na ce ba komai.

"Ɗauko shi."

Na aika aka karɓo mini kwamfutar daga ofis, na zauna kusa da shi na buɗe. Ido ɗaya a liƙe yake, ɗayan yana bayan baƙin tabarau yana ta ruwa, ba abin da zai gane a wannan toka-tokar. Sai ya miƙo mini yatsarsa manuniya.

"Aza ni ga gada, ki hau da ni gulbi."

Na kama yatsar, mai kaushi kamar ɓawon itace, na ɗora a kan gilashin daidai gadar da ake bi a je fadama. Na riƙa jan ta a hankali ina bin gulbi zuwa gabas. Da ƙuruciyarsa ya yi fito da kwalekwale, yana kai albasa da kifi, don haka duk lanƙwasar da muka bi sai ya gaya mini abin da ke wurin, nan akwai mashaya, nan akwai gawo uku, nan ne jirginsu ya taɓa kifewa. Ni taswira na sani, shi kuwa wurin ya sani. Da muka yi nisa ya ce in tsaya, in duba hannun hagu, akwai wani tafki mai siffar ƙahon sa.

Na gan shi. Shekara nawa ina ganinsa a hoto, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

"Ya gamu da gulbi?"

Na buɗe hoton makon jiya. Tafkin yana zaman kansa, da tudu tsakaninsa da gulbi. Na dawo na jiya. Bakinsa biyu duk sun haɗe da gulbi, tudun ma babu shi, baƙi ne kawai shimfiɗe. Na gaya masa. Ya tambayi kwana nawa ne tsakanin hotunan, na ce shida. Ya janye yatsarsa.

"Wanga ruwa ba tahiya shika yi ba, gudu na. Kwana ukku shina gonata, in ya daɗe huɗu."

Na ce, "Baba, kada ka manta ni ce na ce ƙasa ta sha."

"Wancan karo cikin ƙasa kit tambaye shi, shi ko bisa ɗai shika gani. Ruwa kuwa bisa shike. Kira man Baffanki."

Mutumin da ke kiran aikina ɗumame ya fi ni riƙe darasin.

Baffa ya ƙi. Ina jin muryarsa ta waya yana cewa yanzu ya baro bakin gulbi, ko tsaunin da mata ke wanki a kai ruwa bai taɓa ba, kuma shi ba zai tuge shukar da ta kama ba a kan maganar talabijin ɗin da ta ci musu tiya biyu. Baba bai yi gardama ba. Ya ajiye wayar, ya fara laluben takalmansa da ƙafa, ya ce in tarar masa keke, zai je da idon nan nasa ya tuge da kansa. Na san halinsa, zai aikata. Na ɗauki wayar na ce wa Baffa ga yayansa nan ya miƙe, in ido ya lalace shi zai yi wa likita bayani. Na ƙara da cewa ni ma gobe ina fadama.

Sai Baffa ya ce, "Rabi. Rabi za mu ɗauke, rabi shi tsaya inda shike."

Baba ya ce ya yarda, ai haka aka gada.

Na ɗauki hutun kwana biyu. Da sassafe na sa takalman roba na maigidana, na ɗaure zane, na bi Baffa da wasu maƙwabtansa huɗu da suka zo don kunyarsa. Tun ina 'yar firamare rabona da shiga laka. Muka riƙa tuge shukar da saiwarta, muna ɗaurewa dami-dami, muna haurawa da ita gefen da Baba ke yin albasa da rani, muna dasawa. Bayana ya riƙe, laka ta cinye mini takalmi ɗaya har yau ba a gan shi ba. Masu wucewa suna tsayawa suna tambaya ko lafiya, Baffa yana nuna ni da haɓa yana cewa ma'aikaciyar sama ce ta ga ruwa. Gulbi kuwa yana can kwance, har da masu wankin babur a bakinsa. Na gaya wa duk wanda ya tsaya abin da na gani, wasu suka kwashe injin ban-ruwansu, wasu suka yi dariya suka wuce.

Rana ta uku ba abin da ya faru. Da yamma Baffa ya kira ni, ya ce ba wani abu ba ne, gulbi ne ya ce a gaishe ni. Na kashe wayar ina huci, na kasa cin abinci. Baba kuwa ya cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙari.

Rana ta huɗu da hantsi aka buga get. Baffa ne, wandonsa jiƙe har cinya. Ya durƙusa ya gaida yayansa, ya ce ruwa ya iso tun asuba, ja wur, da kumfa da karare. Yankin ƙasa ya nutse, ko kan ganye ba a gani. Wadda aka dasa a tudu tana tsaye, ruwa iya ƙaurinta. Babu wanda ya yi murna a ɗakin, don ya lissafo mutanen da gonakinsu suka tafi gaba ɗaya, duk mun san su. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula, bai dube ni ba.

"Takwarar Inna, ki riƙa diba muna talabijin ɗin nan taki."

Daga bakin Baffa wannan ya fi lambar yabo.

Da kaka aka sussuke abin da ya tsira, ya ba da tiya uku da ɗan kai. Ba a yi tuwo ba wannan shekarar, duka aka zuba a tulu aka liƙe. Idon Baba ya buɗe tangaran, har yana zura zare a allura don ya ba ni haushi. Ranar da ya fara ganin hoton da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe duk wannan rigimar a kan tokar murhu ake yi. Amma daga nan duk damina sai ya kira ni ya ce in duba masa ƙahon sa.

Damina biyu ya ƙara a duniya. Bayan an yi addu'ar arba'in, wata yamma Baffa ya zo Arkilla a kan kabu-kabu, rungume da wani abu a cikin buhu kamar mai ɗauke da jariri. Ya sauke a tsakar gida ya kwance, sai ga baƙin tulu. Ya ce wasiyya ce, ni aka ce a ba, shi zai ci gaba da shukawa amma a hannuna iri zai riƙa kwana. Na kawo masa ruwa, muka zauna muna kallon tulun. Don in kori hawaye na ce Allah ya sa dai kada in sake cinye musu rabi da talabijin.

Baffa bai yi dariya ba. Ya juya kofin a hannunsa, ya ce akwai maganar da aka hana shi faɗa, amma mai hanin ya tafi. Ranar nan da na ce ƙasa ta sha, bayan na wuce kicin ɗora shayi, ya matsa kusa da yayansa ya ce masa wannan ruwan bai isa shuka ba.

"Yac ce man ya sani. Yac ce ruwan da yaɗ ɗauke bai kai rabin lazimi ba, shi da ka jin shi bisa kwanon ɗaki, wane irin shuka. Nic ce to don mi? Yac ce yau ɗiyar ga ta hwara kawo mashi abinta da hannu biyu, kuma gabana. In ya ƙaryata ta yau, ba ta ƙara kawowa, ko ranar da tag ga abin da ka kashe mu."



"Nic ce mashi, Yaya, irin Inna na hwa. Tiya biyu. Yac ce, to wagga da ta shiga kicin, ba Inna ba ta?"

Baffa ya shanye ruwansa, ya ce magariba ta gabato, ya tafi. Ni kuwa na daɗe a wurin ban motsa ba. Shekara biyu ina zaune da mutumin nan bayan wannan rana, ina ganin ni ce na yi masa ɓarna ya yafe, ban taɓa ce masa na gode ba.

Da na samu ƙarfin tashi, na rungumi tulun na kai ɗakin bakin get, na tura shi ƙarƙashin gadon da ya yi jinya a kai.